Sababbin wasannin bidiyo masu kama da na da

Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan wasannin bidiyo na kasada da ake ƙirƙira yanzu da siffar na shekarun baya. A 2023 kamfanin Sabotage Studio na ƙasar Kanada ya fitar da Sea of Stars, wanda ya bi sawun Chrono Trigger na kamfanin Square na Japan, wasan da ya fito a 1995, har ma Yasunori Mitsuda, wanda ya tsara kiɗan tsohon, ya sa hannu a kiɗan sabon.

A Sea of Stars, da gangan aka yi hotunan ɗigo-ɗigo irin na wasannin da, faɗa kuwa bi da bi ake yin sa, kuma idan mai wasa ya danna maɓalli daidai lokacin da sara ke sauka, dukan yakan ƙara ƙarfi. Wasu na ganin ƙyuya ce ta hana masu ƙirƙirar kawo sabon abu, amma ban yarda ba, domin irin wannan wasa yana tilasta wa yaro karanta labari da tsara dabara kafin ya motsa.

Gidajen gem namu kuwa ƙwallo ta mamaye su, shi ya sa nake kira ga masu su da su gwada sanya irin waɗannan.

Naka,
Mai karatu daga Kano