Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar ECOWAS: A Bar Biko, A Rubuta Yarjejeniya

Mai girma Dokta Omar Alieu Touray,
Shugaban Hukumar ECOWAS,
Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe.

Ranar 29 ga Janairun 2025 ofishinka ya sanar da cewa ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ECOWAS ta tabbata. A cikin sanarwar kun nemi sauran ƙasashe 12 su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarin ƙungiyar daga hannun 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga su zauna ba biza, su kuma bar hajarsu ta wuce bisa tsarin sauƙaƙa ciniki na ƙungiyar. Wannan ya yi kyau, kuma na yaba. Amma kun ce haka za a yi ta tafiya ne kawai har zuwa ranar da za a sake fitar da wata sanarwa. Su ma shugabannin ƙasashen uku, a watan Disamban 2024, sun ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS ba biza, sai dai kowace ƙasa tana da ikon mayar da wanda ba ta so. Ke nan zirga-zirgar jama'ar yankin nan, da sana'arsu, da zamansu a ƙasar da ba tasu ba, duk a kan alkawuran baka biyu suke rataye, kuma kowane ɓangare na iya janye nasa ranar da aka wayi gari rai a ɓace.

Ba ƙaramin abu ne aka rataye ba. Ƙasashen nan uku suna da mutane sama da miliyan 70, kuma fiye da rabin faɗin ƙasar da ECOWAS take da shi a da nasu ne. Iyakar Najeriya da Nijar kaɗai ta kai kimanin kilomita 1,500, ta bi ta Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno. 'Yan Burkina Faso da 'yan Mali da ke zaune a Kwaddibuwa kuwa miliyoyi ne, wasunsu a can aka haifi iyayensu.

Bari in faɗi abin da ba a cika son ji a Abuja ba. Masu murnar ficewar nan suna da hujja, kuma ECOWAS ce ta miƙa musu ita da hannunta. Kwana huɗu bayan sojoji sun kifar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, shugabannin ƙungiyar suka taru a Abuja suka rufe iyakoki, suka dakatar da ciniki, suka riƙe kuɗaɗen Nijar, suka ba sojojin mako guda su mayar da mulki ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da mafi yawan Nijar ke dogaro da ita. A takunkumin da aka sa wa Mali a Janairun 2022 an keɓe abinci da magani da man fetur da lantarki. A na Nijar ba a yi wannan keɓewar ba, manyan motoci suka yi ta jibgewa a Malanville, bakin iyakar Benin. Wanda ya sha wuyar nan ba janar ba ne. Mai jinya ne, da direba, da mai ƙaramin jari. Shi kuwa barazanar yaƙi, ko Majalisar Dattawan Najeriya ba ta amince da ita ba, kuma sai da malamai da sarakuna suka yi ta sintiri zuwa Yamai kafin ƙura ta lafa. Da aka zo ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, bayan Janar Yakubu Gowon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a Legas a 1975, ya fito ya roƙa, ƙasashen uku sun riga sun yi kusan wata guda da sanar da tafiyarsu.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko zafi. Yarjejeniyar dimokuraɗiyya ta 2001 ta haramta hawa mulki ba bisa ƙa'ida ba, ta kuma haramta riƙe shi ba bisa ƙa'ida ba. Amma rabin farko kawai ake aiki da shi. A 2020 Alpha Conde ya sauya tsarin mulkin Gini ya nemi wa'adi na uku, Alassane Ouattara ma ya tsaya karo na uku a Kwaddibuwa, ba wanda aka rufe wa iyaka. A 2024 Togo ta sake tsarin mulki ta yadda Faure Gnassingbe, wanda gidansu ke mulki tun 1967, zai ci gaba da riƙe ragama da wani sabon muƙami. Abin dariya, abin takaici, shi ne aka haɗa da Shugaba Bassirou Diomaye Faye na Senegal su je su lallashi sojojin Sahel su fasa barin ƙungiyar. Ranka ya daɗe, da wane baki zai yi musu wa'azin?

Duk da haka ni ban yarda ficewar ta yi daidai ba, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙasashen uku babu wadda take da teku. Mafi yawan abin da za su sayo daga ƙetare sai ya sauka a Kwatano ko Lome ko Tema ko Abidjan ko Dakar. Sun ce sun fita ne don su kuɓuta daga hannun Faransa, amma kuɗin sefa, wanda shi ne aka fi kira da ragowar mulkin mallaka, suna nan a cikinsa, suna kuma cikin ƙungiyar UEMOA mai kula da shi. Wadda suka bari ita ce wadda 'yan Afirka suka kafa da kansu. Mali ta taɓa gwada irin wannan zuciyar a 1962, lokacin da Modibo Keita ya fitar da ita daga sefa ya buga nata kuɗin, sai ga ta ta dawo a 1984. Akwai kuma asarar da ba a cika ambata ba, wato kotun ƙungiyar. Wata baiwar Allah 'yar Nijar, Hadijatou Mani, ta kai gwamnatinta ƙara a kotun ECOWAS saboda ta kasa kare ta daga bauta, ta kuma yi nasara a 2008 aka biya ta diyya. Yau irinta ba ta da wannan ƙofar. Kotun ce dai ta ce a saki Bazoum a Disamban 2023 aka yi biris da ita, to mai mulki bai yi asarar komai ba da rabuwa da ita. Talaka ne ya yi.

Abin da ya fi damuna shi ne, wannan muhawarar da nake yi a takarda ba a taɓa yin ta a inda ya kamata ba. An karanta sanarwar ficewa a gidajen talabijin na Bamako da Wagadugu da Yamai ranar 28 ga Janairun 2024, shi ke nan. Ba ƙuri'ar raba-gardama, ba zaɓaɓɓiyar majalisa da ta zauna a kai. An yi gangamin goyon baya, gaskiya ne, jama'a kuma sun cika fili, amma wanda bai yarda ba ina nasa filin? A ɓangarenku ma haka. Ba a tambayi kowa ba kafin a yanke wa maƙwabcinsa wuta da sunansa.

Masu sharhi suna yawan kwatanta wannan lamari da ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, galibi don su tsorata mutane. Ni ba don tsoratarwa nake kawo ta ba. Birtaniya ta yi ƙuri'arta ranar 23 ga Yunin 2016, kusan kashi 52 cikin 100 suka ce a fita, 48 suka ce a zauna. Daga nan aka shiga rigimar da ta ci kujerar firaminista biyu, David Cameron da Theresa May. Ba a fita ba sai 31 ga Janairun 2020, yarjejeniyar ciniki kuma ba a kammala ta ba sai 24 ga Disamban shekarar. An yi ƙarya a yaƙin neman ƙuri'ar, an yi gaba tsakanin 'yan gida ɗaya, har yau ana jayayya kan ko an ci riba. Amma akwai abu ɗaya da suka yi daidai. Kafin a taɓa maganar ciniki, sai da aka ajiye abu uku a gaba: haƙƙin mutanen da ke zaune a ƙasar ɗaya ɓangaren, lissafin kuɗin da ke tsakani, da batun iyakar Ayaland, wato tsakanin Ayaland ta Arewa da ke cikin Birtaniya da ƙasar Ayaland da ke cikin Tarayyar Turai. Ɗan Foland mai aiki a Landan da ɗan Ingila mai zaune a Sifaniya sun san matsayinsu a rubuce, cikin yarjejeniyar da za a iya kai ta gaban alƙali. Iyakar Ayaland ɗin nan kuwa kimanin kilomita 500 ce kacal, amma sai a 2023 aka gama daidaita yadda kaya za su riƙa wucewa. Idan ƙasashe masu lauyoyi da kwamfutoci da kuɗi sun sha wannan wahalar a kan iyaka guda, me ya sa muke zaton tamu za ta daidaita kanta da fatan alheri?

Wani zai ce ai mu 'yan'uwa ne, jini ɗaya, harshe ɗaya, ba ma buƙatar takarda. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, 'yan Najeriya da yawa suka kwashe komatsansu. A 1983, shekara huɗu kacal da sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi sama da miliyan guda, yawancinsu 'yan Ghana. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Biyun na baya-bayan nan an yi su ne alhali da takarda a hannu. Ina ga babu ita? Alamu ma sun fara. A Maris ɗin 2025 AES, wato ƙawancen ƙasashen uku na Sahel, ya ɗora harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ake shigo da su daga wajensa. Rikicin Nijar da Benin kan iyaka ya sa kayan da a da ke bi ta Kwatano kai tsaye suka koma zagayawa ta Lome su ratsa Burkina Faso, hanyar da sai da rakiyar soja. Da haka ake somawa, yau haraji, gobe katin zama, jibi a ce wa wanda ya shekara talatin a gari ya kawo shaidar izinin shigowa.

Tun daga Janairun 2024 ECOWAS take biko. An tura manzanni, an jira shekara gudan da sashe na 91 na yarjejeniyar Kwatano ta 1993 ya tanada, an ƙara wata shida zuwa 29 ga Yulin 2025 ko za su sake shawara. Ba su sake ba. Sun kafa tarayyarsu a Yamai ranar 6 ga Yulin 2024, sun fito da fasfonsu da tutarsu. Wanda ya yi nisa haka ba ya jin kira, kuma ci gaba da kiran nasa ɓata lokacin da ya kamata a yi wa jama'a aiki ne. Na ji daɗi da ka je Bamako a watan Mayun 2025 ka zauna da ministocin harkokin wajensu. Abin da nake roƙo shi ne zaman ya haifar da rubutacciyar yarjejeniya, wadda kowane ɓangare zai sa wa hannu a matsayin tsara da tsara, ba mai laifi da mai yafiya ba.

A fara da mutane kafin kaya. Wanda yake zaune a wata ƙasa kafin ranar ficewa, a tabbatar masa da zamansa da shagonsa da gonarsa da makarantar 'ya'yansa, ba tare da an ɗora masa sabon sharaɗi ba. A bar kwana 90 ɗin nan na shiga ba biza yadda yake. A faɗi makomar takardar shaidar kiwo da ƙungiyar ta fito da ita a 1998, domin makiyayin da ke gangarowa kudu da rani ya koma arewa da damina bai san an yi taro a Abuja ba, kuma rikicinsa da manomi ya isa haka ba sai an ƙara masa da na jami'in kan iyaka ba. A faɗi makomar katin inshorar mota na Brown Card da direbobi ke ƙetare iyaka da shi. A rubuta baro-baro cewa wutar lantarki da abinci da magani ba za su sake zama makamin siyasa ba, ko wane ne ya hau mulki, ko ta wace hanya. Sa ido kan annoba da musayar bayanan tsaro ma su shiga ciki, tunda sanƙarau da 'yan bindiga ba sa tsayawa a buga musu hatimi. Sannan a kafa wurin da direba ko ɗan kasuwa zai kai kuka idan an saɓa, tunda kotun da ke akwai ɓangare ɗaya ya bar ta.

Wannan ba sabon abu ba ne gare ku. Muritaniya ta fice a shekarar 2000, sai a 2017 ta sa hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa da ƙungiyar ba tare da ta dawo mamba ba. Hanyar tana nan. Sai dai Muritaniya ƙasa ɗaya ce a gefe, mai tekunta, kuma shekara 17 aka yi kafin a kai ga takardar. Da ƙasashe uku a tsakiyar yanki ba za a iya jiran rabin wannan ba.

Roƙona na ƙarshe, ranka ya daɗe, kada a ƙulla wannan a ɗaki a rufe kamar yadda aka ƙulla takunkumin da ficewar. A wallafa daftarin kafin a sa hannu. A kai shi gaban Majalisar ECOWAS a yi muhawara a fili. A gayyaci ƙungiyoyin direbobi da na makiyaya da na 'yan kasuwar kan iyaka daga ɓangarorin biyu su faɗi inda takalmi ke matsa musu. A fassara shi zuwa Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Bambara da More, a karanta a gidajen rediyo. Kuma a sanya wa tattaunawar ranar kammalawa, a sanar da mu ranar.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Wani ɗan Afirka ta Yamma.