Wasiƙa kan ciwon cikin nan naka

Assalamu alaikum.

Abokina, ya aiki, ya iyali, ya zaman Legas? Saƙonka ya iso, kuma ya taɓa ni, don duk abin da ka lissafa na sha shi: ciki ya kumbura bayan cin abinci, ya riƙa murɗawa, yau gudawa, jibi kuma kwana uku ba bayan gida.

Shekara biyu na yi ina shan maganin olsa. Sau biyu aka ce taifot ne. Sai da na je wurin likitan ciki, aka gwada jini da bayan gida ba a ga komai ba, sannan ya ce abin da suke kira IBS ne. Hanjin ba shi da rauni, sai dai ya cika saurin jin abu, kuma akwai jijiyoyi tsakaninsa da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ranar da raina ya ɓaci ko barci ya gagara, cikin ke tashi. Ya tabbatar mini ba ya rikiɗa ya zama ciwon daji. Wallahi wannan maganar kaɗai ta sauke mini rabin nauyin.

Abinci kuwa, nan ne aikin yake. Masana a Jami'ar Monash ta Ostareliya sun fito da tsarin cin abinci na rage abin da ake kira FODMAP: wasu nau'o'in sukari ne da hanji ba ya iya sha sosai, sai ƙwayoyin bakteriya na cikin babban hanji su yi ta aiki a kansu, iska ta taru. Suna cikin albasa, tafarnuwa, wake, alkama, madara, mangwaro da kankana. Ana barinsu mako 2 zuwa 6, sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka haramta wa kanka komai har abada. Ni da na riƙa rubuta abin da na ci a ɗan littafi, albasa da ƙosai na kama. Tuwon shinkafa ba ya mini komai. Tafiyar ƙafa bayan la'asar ma ta taimaka.

Amma don Allah ka je asibiti tukuna, kada ka ɗauki nawa ya zama naka. Idan ka ga jini a bayan gida, ko kana ramewa ba dalili, ko gudawa na tashinka cikin dare, ko zazzaɓi, to kada ka kwana ba ka ga likita ba.

Ka rubuto mini abin da aka ce. Gaishe da uwargida da yara. Allah Ya ƙara sauƙi.

Naka,
abokinka na Kano