Wasiƙar godiya ga ma'aikatan mashtal ɗin hanyar Shafa, Ɗa'if

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga maigidan wannan mashtal, wato wurin rainon shuke-shuke da sayar da su, da duk yaran da ke aiki a ƙarƙashinsa, na zaɓi in yi godiyata a bainar jama'a domin 'yan'uwanmu masu aikin lambu a gidaje da istiraha, wato gidajen shaƙatawa, daga Makka har Jidda, su san inda za su nufa in suna neman shuka da bayaninta.

Mutumin da nake kula wa da lambu yana da istiraha a Shafa, yana kuma da gida a Makka. Ya ce in dasa masa furen manthur a duka biyun, rawaya mai ƙamshi, irin wanda ya gani ya tsiro a jikin tsofaffin katangu a Turai. A wurare da dama in ka ce manthur, tukunyar da ta fi kusa da hannu ake miƙo maka. Ku kuwa sai kuka haɗa ni da muhandis ɗinku, wato masanin shuke-shukenku, wani matashi ɗan Mai Wurno ta Sudan, Hausa a bakinsa rangaɗaɗau. Ya jera tukwane a kan benci ya ce, "Baba, zauna mu duba tukuna, kada ka sayi abin da ba shi aka aiko ka ba."

Ya fara da abin da ya haɗa su. Dukansu dangi ɗaya ne da kabeji da jarjir da fijil, kayan lambun da ake ci: fure mai kunnuwa huɗu, biyu na kallon biyu, a cikinsa zare shida masu ɗauke da garin barbara, huɗu dogaye, biyu gajeru, sannan iri a cikin siririn kwanso. Launin fure kuwa, in ji shi, shi ne shaidar da ta fi ruɗin mai saye, domin masu haɗa iri sun fitar da launuka iri-iri a kowane ɓangare.

Sai ya ciro ɗan gilashin ƙara girma daga aljihu ya ɗora a bayan ganye. A ido ganyen kore ne sumul, amma a gilashi ga gashi kwance a jikinsa, kowane ɗaya a maƙale ta tsakiya, bakinsa biyu, kamar sandar ɗan ga-ruwa a kafaɗa. Wannan shi ne Erysimum cheiri, wanda Larabawa ke kira khiri, shi ne kuma wanda maigidana ke nufi. Asalinsa yankin Girka ne, a tsagin duwatsu da katangu inda ruwa ba ya kwanciya. Masanin tsirrai Linnaeus ya sa masa suna Cheiranthus cheiri a 1753, shi ya sa har yau wasu fakitin iri ke ɗauke da tsohon sunan. Tukunyar da ke gefensa ganyenta fari-fari ne, toka-toka, da laushi in ka shafa, gashinta kuma mai rassa ne a cunkushe. Wannan Matthiola incana ce, manthur ɗin da ya cika kasuwa, mai fure shunayya ko hoda ko fari. Ƙamshi duk suna da shi, amma jinsinsu daban ne. Ya ƙara min da cewa masu cikakken fure ninki-ninki a cikinta ba sa yin iri sam, don haka kada in zauna jiran kwanso.

Tukunya ta uku mai fure launin ruwan lemo ce mai haske, wadda ake sayarwa da sunan 'yar Siberiya. Ya yi dariya ya ce haɗin masu lambu ce, ba a daji aka samo ta ba.

Abin da ya fi amfanata shi ne maganar wurin zama, don a nan kuɗin maigidana yake. Jinsin Erysimum ya haura nau'i 150, kuma kowanne da inda yake so. Akwai Erysimum cheiranthoides, ɗan shekara ɗaya mai ƙananan furanni rawaya, yana bin gonaki da bakin rafi, gashinsa galibi baki uku ne. Akwai Erysimum repandum, ciyawar gona ce, ganyenta mai haƙora, kwansonta a baje gefe-gefe. Shi kuwa khiri sanyi yake so da ƙasa mai tsane ruwa. Ɗa'if tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,800, Shafa ta fi haka ma, Makka kuwa a kwari take tsakanin duwatsu. Sai yaron nan ya ce min, "Baba, na Shafa zan ba ka. Na Makka ban yarda ba, zafi zai gama da shi kafin ka ji ƙamshinsa." Ciniki ne ya zo har gabansa ya rage shi da kansa, maigidanku yana tsaye yana ji, bai ce uffan ba sai gyaɗa kai. Wannan halin shi ya sa ni ɗaukar alƙalami.

Bai bar ni na tafi ba sai da ya tambaya ko akwai dabbobi a istirahar. Na ce akwai awaki. Ya ce to in nisanta su, domin ganyen khiri da ƙwayar irinsa suna ɗauke da sinadari mai taɓa bugun zuciya, abin da ba a saba gani ba a dangin kabeji. Mu da muka saba tsinkar jarjir a lambu mu kai baki, da yaranmu masu bin lambu, wannan gargaɗi ba ƙaramin abu ba ne.

Na dasa su a gefen katangar dutse ta gabas, na cakuɗa ƙasar da tsakuwa yadda ya ce, na rage ban-ruwa. Sun kama. Wanda ke son irinsu daga cikin 'yan'uwa, ya zo da zarar zafi ya karye, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ya kuma zo da sanin inda zai dasa, don tambayar farko da za a yi masa ke nan.

Allah ya sa albarka a kasuwarku, ya ƙara wa yaron nan ilimi, ya saka wa iyayensa da alheri.

Wassalam.

Naku,
Wani mai aikin lambu, mazaunin Shara Mansur, Makka