Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙaramin Ministan Man Fetur Kan Rijiyoyin Tsakiyar Teku

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan man da ke kwance can cikin teku mai zurfi, wanda yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba, amma yana cikin abin da ke riƙe da baitulmalin Najeriya.

Rijiyar Bonga ta fara ba da mai a 2005, kimanin kilomita 120 daga gaɓa, a zurfin da ya haura mita 1,000. Erha ta biyo a 2006, Agbami a 2008, Akpo a 2009, Usan a 2012, sai Egina a ƙarshen 2018. A can babu bututun da ya ratsa daji balle ɓarayi su fasa. Katafaren jirgi ne a ɗaure a kan ruwa, yana janyo ɗanyen mai daga ƙasan teku, ya raba shi da ruwa da iskar gas, ya adana, jiragen dako su zo su loda su wuce kasuwa. Shi ya sa lokacin da satar mai ta durƙusar da rijiyoyin tudu, na teku suka rufa mana asiri.

To amma rijiya tana tsufa. Tun Egina ba mu sake kafa sabon jirgi irin wannan ba, alhali Guyana da ta gano mai a 2015 ta fara haƙowa a Disamban 2019, yau tana fitar da sama da ganga 600,000 a rana. Namibiya ma ta shigo layi tun 2022. Masu zuba jari suna da zaɓi, kuma aikin teku yana cin biliyoyin daloli da shekaru kafin a ga ganga ɗaya. Amincewar da Shell ta yi da aikin faɗaɗa Bonga, wato Bonga North, a Disamban 2024 abin farin ciki ne, ina kuma goyon bayan a sassauta haraji don wasu su biyo baya.

Inda nake jin tsoro shi ne yadda ake rubuta rangwamen. Yarjejeniyoyin 1993 sun yafe wa kamfanoni kason da ake biyan ƙasa kan kowace ganga muddin zurfin ya wuce mita 1,000, saboda a lokacin mai ba ya tsada kuma aikin kasada ne. Dokar da ta shafi waɗannan yarjejeniyoyi ta tanadi a sake lissafi idan ganga ta haura dala 20. Ganga ta haura 20, ta haura 100, ba wanda ya motsa. Sai da jihohin Akwa Ibom, Bayelsa da Ribas suka kai ƙara Kotun Ƙoli, sannan aka gyara dokar a Nuwamban 2019. Shekarun da mai ya fi tsada sun wuce mu a haka, kuma wannan yana ci mini rai.

Roƙona, ranka ya daɗe, duk sabon rangwame a ɗaure shi da farashi, ta yadda kason ƙasa zai hau da kansa ba sai an jira wani jami'i ya tuna ba. A wallafa yarjejeniyoyin kowa ya karanta. Kuma kamar yadda aka haɗa wani ɓangare na jirgin Egina a Legas, a sa sharaɗin yin wani ɓangare na aikin a gida a rubuce tun kafin a sa hannu kan aiki na gaba.

Wassalam,
Ɗan ƙasa mai kishi