Gidajen abincin gado na La Rioja da abin da Musulmi zai iya ci a cikinsu

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ɗan sammin fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Duk sanda aka ambaci Sifaniya a shafukan Hausa to ƙwallo ce, Real Madrid ta ci Barcelona ta sha kashi, in an matsa sosai a kawo tarihin Andalus shikenan an gama. Su kuma 'yan uwanmu da ke zuwa karatu ko neman na kai, sai kaga mutum ya shekara biyu uku a ƙasar bai taɓa ɗanɗana girkin mutanenta ba, daga shagon kebab sai shagon kaza da cips, in ka tambaye shi yace tsoron haram yake. Tsoron nan yana da dalili ban musa ba. Amma ni a ganina an bar jaki ne ana dukan taiki, domin ƙaramin gidan abinci na iyali, irin wanda uwa ke kicin ɗa ke kai faranti uba ke zaune a kanta yana lissafi, shi ne wurin da Musulmi ya fi samun sauƙin sanin abin da ke cikin tukunya, ko da kuwa garin gaba ɗayansa da giya ya dogara.

Yankin da nake magana a kai La Rioja ne, can arewacin ƙasar a bakin kogin Ebro, babban birninsa Logroño, mutanen yankin duka ba su fi dubu 300 da ɗoriya ba. Ko ina ka waiga gonar inabi ce har gindin duwatsu. Garin Haro da ake ɗauka a matsayin cibiyar sana'ar giyar inabi, mutanensa wajen dubu 12 ne kacal, kuma arzikinsa ya samo asali ne daga masifar wasu, don a ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwar inabi ya afka wa gonakin Faransa ya cinye su, sai fataken Bordeaux suka gangaro kudu neman kaya, suka tarar da layin dogo ya ratsa Haro, nan da nan aka giggina rumbuna a unguwar tasha. Inda fatake suka taru kuwa dole a hura wuta. A shekarar 1877 aka buɗe gidan abincin Terete a garin, har yau ana gasa ɗan rago a tanderun itace a wurin kuma sana'ar ba ta bar hannun zuriyar ba. Ka lissafa da kanka kaga shekara nawa kenan.

Abu na farko da ke kayar da baƙo shi ne lokaci. Ka je ƙarfe 12 na rana da yunwarka zaka tarar ƙofa a rufe ko ana goge tebura, sai wajen 1:30 ko 2 ake fara zuba abinci, zuwa 4 an kashe murhu, kuma ba za a sake kunnawa ba sai 8:30 ko 9 na dare, duk magiyarka a tsakani sai dai a miƙo maka ɗan abin taɓawa a kanta. Wasu na cewa lalaci ne, ni ban yarda ba, agogonsu ne ya gota, tun 1940 aka tura shi gaba da awa guda don ya yi daidai da na tsakiyar Turai kuma ba a mayar ba har yau, kaga ƙarfe 2 nasu a wajen rana ba ta kai 2 ba. Sannan da yawa daga irin gidajen nan ba sa buɗewa daren Lahadi, wasu su haɗa da Litinin, mai gida zai liƙa takarda a ƙofa cewa sun tafi hutu sati biyu kuma ba wanda zai ce masa don me.

A ranakun aiki akwai abin da suke kira menú del día, wato farashi guda a ba ka faranti na farko da na biyu da kayan zaƙi da burodi da abin sha, a ƙananan garuruwa galibi tsakanin Yuro 12 zuwa 20. Gwamnatin Franco, shugaban Sifaniya na wancan lokacin, ce ta tilasta tsarin a shekarun 1960 lokacin da Manuel Fraga ke ministan yawon buɗe ido, don baƙi aka yi shi amma ma'aikata suka riƙe abinsu. Shi ya sa in ka shiga ƙarfe 2 zaka ga direban tarakta da takalminsa duk laka, ga ma'aikacin banki da kwat, ga tsofaffi biyu da suka shekara talatin suna zama a tebur ɗaya, kowa abu ɗaya yake ci. Sau da yawa ma babu takarda, yarinyar gidan ce zata tsaya a kanka ta zayyano abin da aka dafa yau da baki, da sauri kamar ana korarta, in baka ji ba ka ce ta maimaita ba ta jin haushi.

To yanzu ga inda gizo ke saƙa. Mu idan mun ji an ce garin giya sai hankalinmu ya tafi kan kwalba, alhali kwalba a fili take, kana gani, kace a ɗauke a ɗauke. Ka nemi ruwa, tun 2022 doka ta wajabta musu ba da ruwan famfo kyauta ga duk wanda ya nema, ko kace a ba ka mosto, ruwan inabi ne zalla wanda bai tsimu ba, yaransu ma shi suke sha, kuma ba wanda zai yi maka kallon banza. Maganar zama a teburin da wasu ke sha kuwa malamai sun yi bayani a kai, kowa ya koma wajen malaminsa, ni dai teburina daban nake nema. Abin da ya kamata mutum ya buɗe ido a kai alade ne, don shi a ɓoye yake shiga, kuma wallahi a wajen da baka zato.

Ɗauki abincin da yankin ya fi tunƙaho da shi, patatas a la riojana, ido zai ce maka dankalin Turawa ne kawai a jan romo, amma jan nan da ƙamshin nan daga chorizo suke fitowa, naman alade ne da ake cusawa a hanji da garin jan tattasai a shanya. Menestra kuma ganyaye ne da kayan lambu, wasu a turbuɗa su a fulawa da ƙwai a soya ɗaya bayan ɗaya kafin a haɗa, aiki ne na mai haƙuri, kana murna ka samu na ganye sai ka tsinci 'yan gutsattsarin jamón, wato busasshiyar cinyar alade, a ƙasan faranti. Jan waken da suke kira caparrones haka, farin wake ɗanye na ƙarshen bazara da suke kira pochas shi ma sau da yawa haka. Har kifi bai tsira ba, akwai kifin rafi trucha da ake tsaga cikinsa a cusa yankan jamón kafin a soya. Kuma kada ka ce musu wai baka cin nama ka ɗauka ka gama magana, a wajen mutane da yawa a can jamón ba ya cikin lissafin nama, kayan ɗanɗano ne kamar gishiri. Sai ka ambaci sunansa ƙarara, sin cerdo wato banda alade, sin jamón, sin chorizo, sin manteca, na ƙarshen nan kitsen alade ne, wasu na shafa shi a jikin gasasshen rago, wasu na kwaɓa fulawar kayan zaƙi da shi. Har fardelejos na garin Arnedo, wani soyayyen abu mai almon a ciki da su da kansu suke cewa gadon Larabawa ne tun zamanin da Musulmi ke mulkin kwarin Ebro, sai ka tambaya kafin ka kai baki. Ita ma giyar tana shiga tukunya, ana dafa kumatun saniya da wutsiyarta a cikinta, ana dafa ɗan itacen da suke kira pera da ita a kawo a matsayin kayan zaƙi.

Mai karatu zai ce to ai ka ƙara tsorata mu. A'a, dalilin da yasa nace gidan iyali ya fi kenan. A manyan wurare na birni in ka tambayi weta me ke cikin miyar nan sai ya ɗaga kafaɗa, don shi ma bai sani ba, a leda aka kawo daga wani kamfani aka ɗumama. A nan kuwa yarinyar zata leƙa kicin ta ƙwala wa uwarta kira, uwar ta fito tana goge hannu a gyauton aiki ta faɗa maka komai da ta zuba tun daga albasa har gishiri, don ita ta je kasuwa ita ta yanka ita ta dafa, kuma girkin nan na kakarta ne ta haddace shi. Za ta iya yin mamaki, za ta iya ce maka kai kam ka yi asarar daɗi, amma ba zata ɓoye maka ba, a gari mai mutum dubu biyu sunan gida ya fi kuɗin faranti ɗaya tsada. In ranar ba cunkoso ma sai ta ce bari ta soya maka wani abu daban a kasko mai tsabta da man zaitun.

Kuma abin ci na nan da yawa. Akwai bacalao a la riojana, kifi ne da aka adana da gishiri, a jiƙa shi kwana ɗaya biyu ana sauya ruwa, sannan a dafa cikin miyar tumatir da gasasshen jan tattasai, ni a wurina ko shi kaɗai ya isa dalilin tafiya. Akwai wainar ƙwai da dankali mai kauri. Akwai jan tattasai na Nájera da ake gasawa a wuta a ɓare da hannu, a zuba tafarnuwa da man zaitun, a lokacin kaka har kan titi kana jin ƙaurinsa. Calahorra garin kayan lambu ne, farin kabejinsu mai fure har takardar shaidar asali gare shi. Ga cukun akuya na duwatsun Cameros, ga cuajada, madarar tumaki ce da aka daskarar ake zuba mata zuma da goro irin nasu, mai son kindirmo ba zai ƙi ta ba. Ga shinkafa da madara.

Wanda ya fi ba ni sha'awa, ko da yake kallo ya fi yawa, shi ne chuletillas al sarmiento. Duk hunturu sai an yi wa kurangar inabi aski, rassan da aka sare sirara ne kamar tsinke, maimakon a watsar sai a ɗaure dami dami a bar su su bushe. In za a yi gashi a cinna wa dami ɗaya wuta ya tashi bal bal cikin 'yan mintuna ya faɗi ya zama siririn garwashi mai zafin gaske wanda ba ya daɗewa, daidai gwargwadon abin da ƙananan haƙarƙarin ɗan rago ke buƙata, gishiri kawai, a juya sau ɗaya a kwashe, da hannu ake ci. Gona ta ba da makamashi, dutse ya ba da tumaki, babu abin da aka sayo daga nesa. Sai dai batun yanka yana nan, rago halal ne amma wa ya yanka kuma ta yaya, malamai sun saɓa kan yankan ƙasashen nan kuma ni ba malami bane, na zaɓi kifi na huta. Wanda ransa ya biya sosai, a Logroño akwai mahautan halal saboda 'yan Maroko da 'yan Pakistan da ke zaune a garin, ya sayi namansa ya nemi damin rassa ya yi gashinsa.

In an gama ci kuma kada ka miƙe kamar wanda aka kora. Ba a kawo bil sai ka nema, zama ake yi a sha kofi a yi ta hira awa guda ko fiye, ran Lahadi kaka da jikoki duk a tebur ɗaya surutu kamar za a ɗaga rufi, wanda bai saba ba zai ɗauka faɗa ake. Shi ya sa ran Lahadi in baka kira ka kama wuri ba to ka haƙura. Tukwici ba dole ba ne, 'yan canjin da suka rage ka bari ya wadatar.

Wasu daga cikin gidajen nan sun yi suna har duniya ta san su. A Ezcaray, ƙaramin gari a gindin dutse, akwai Echaurren da ke hannun iyali ɗaya tun 1898, uwar gidan marigayiya Marisa Sánchez ta karɓi lambar girki ta ƙasa a 1987, ɗanta Francis Paniego kuma shi ya fara kawo tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, La Rioja. Amma irin waɗannan tsiraru ne, kuma gaskiya ba su nake tallatawa ba don aljihun ɗalibi ba zai ɗauka ba. Galibin sauran suna fama ne da rashin magaji, yara sun yi karatu sun tafi Logroño ko Bilbao ko Madrid, ba mai son tsayuwar awa goma sha biyu a gaban murhu ranar da kowa ke hutu, ƙauyukan kansu sai raguwa suke, har a 2019 mutanen karkara suka yi gangami a Madrid kan yadda garuruwansu ke zama kufai. Ranar da gwiwar uwa ta gaza sai a sa kwaɗo a manna takardar sayarwa, in an yi sa'a wani baƙo ya karɓa ya ci gaba, in ba a yi ba shikenan.

Don haka Malam Edita ina roƙo, cikin masu aiko muku da rahoto daga Turai a samu wanda zai hau bas daga Logroño ko Bilbao ya shiga Haro ko Ezcaray ko Santo Domingo de la Calzada ran Talata ko Laraba da rana, ya zauna ya ci ya yi hira da masu gidan, ya rubuto wa masu karatu da hotuna. Watan Satumba zuwa Oktoba ya fi, lokacin tsinkar inabi, don a nan zai haɗu da 'yan Afirka da yawa da ke zuwa aikin ƙodago a gonakin, su ma suna da nasu labarin da ya kamata a ji.

Na gode da wannan dama, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Wani mai karatunku daga arewacin Sifaniya