A riƙa bambanta firiji da firiza da kula

Assalamu alaikum Malam Edita,

A ba mu ɗan fili mu yi tsokaci kan kalmar "firiji", wadda ta zama jakar magori a bakin masu shirin lafiya da na girki. Duk abin da aka buɗe aka ji sanyi, firiji ake ce masa. Wasu kuma sai su ce "na'urar sanyaya", wadda ta fi rikitarwa, don wadda ke sanyaya ɗaki ma sunanta ke nan.

Firiji sanyaya abu yake yi ba tare da ya daskarar da shi ba. Lafiyayye yana tsayawa tsakanin digiri 2 da 5 a ma'aunin Selsiyos, kuma nan ne wurin nono da madara da miyar jiya. Firiza aikinta daskararwa, tana sauka zuwa digiri 18 ƙasa da sifili, domin nama da kifi da ƙanƙara. Wannan doguwar mai murfi a sama da masu ruwan leda da zoɓo ke ajiyewa a shago firiza ce, ko da duk unguwa na ce mata firiji.

A wajen magani abin ya fi muni. Insulin ɗin masu ciwon suga, wanda ba a buɗe ba, ana ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8. Da ya daskare ya lalace, ko ya narke ya koma kamar lafiyarsa lau. Haka allurar rigakafin tetanos da ta ciwon hanta. To, in mai shiri ya ce "a sa a firiji", gidan kuwa firiza kaɗai ke akwai, an yi asarar magani, mara lafiya na ta allura suga bai sauka ba. Ko a cikin firijin ma a ajiye shi a tsakiya, kada ya jingina da bangon baya, inda ƙanƙara ke taruwa.

Kula ba ta haifar da sanyi, abin da aka ba ta take riƙewa. Shi ya sa da ta ƙanƙara da ta zuba tuwo sunansu ɗaya. In za a yi tafiya da magani a ciki, a naɗe ƙanƙarar da tsumma, kada ta taɓa kwalbar.

Randa kuwa mu muka san ta tun kafin zuwan wuta: ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. A kan haka marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, har ya samu lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a 2000. Ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama, a yi wa rairayin ban ruwa safe da yamma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Da rani tana riƙe tumatir da yalo da alayyahu kwanaki. Da damina ƙarfinta kan ragu saboda laima. Sanyinta bai kai na firiji ba, don haka ɗanyen nama bai zauna a ciki.

Roƙonmu, in za a ba da shawarar ajiya a shiri, a ambaci wanne ake nufi, a kuma faɗi digirin.

Naku,
Wasu masu gyaran firiji, Kano