Yaya ga kuɗin rufi, sannan ga bayanin jitar nan

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya kasuwa, ya jikin Umma, ya zafin Kano. Ni lafiya ƙalau nake alhamdulillah.

Jiya na tura yuro 350 ta hannun mutumin nan na Wapa, zai kira ka gobe ko jibi. 250 na rufin ɗakin Umma ne, a sayi kwano a kira kafinta tun damina bata faɗi ba, 100 kuma kuɗin makarantar Auta. Dan Allah Yaya kar kuɗin nan ya bi ta hannun Kawu, ko yazo da maganar ara masa zai mayar ranar Juma'a kace babu, ka tuna yadda aka yi da na bara.

Sai maganar da ta hanani bacci. Auta tace min Gwaggo ta shigo gida da waya tana nuna wa Umma bidiyona a Facebook wai na zama maroƙi ina kiɗa a mashaya, har Umma tayi kuka. Wallahi Yaya ba mashaya bace, ɗakin taro ne, ka sake kallo da kyau zaka ga mutane a zaune kan kujeru shiru, ba rawa ba liƙi ba kirarin kowa, tikiti suke saya su shigo su kashe waya, ko tari mutum zai yi sai ya jira an gama. Mu biyu ne kawai akan dandamali kowa da jitarsa, ni da abokin kiɗana ɗan Kolombiya, mutumin kirki ne, in lokacin sallah yayi shi yake cewa in tashi. Farcen da Gwaggo take ta magana kuma na hannun dama ne kawai, da shi ake taɓa tsirkiya, kullum ina goge shi kaɗan ya wuce tsokar yatsa, na hagu a yanke yake tas.

Abin da kuka gani a bidiyon ni na rubuta shi, ba na wani nake maimaitawa ba, wannan nake so ka fahimtar da Umma. Jitar gargajiyar Turawa tsirkiya 6 gareta, na nailan, bata da lantarki, kuma kiɗan da aka rubuta wa mutum ɗaya yana da yawa amma na mutum biyu bai kai shi ba, shi yasa duk masu kiɗan biyu-biyu suke neman sabon abu. Tun da ma haka ake, akwai wasu mata da miji a Faransa, Ida Presti da Alexandre Lagoya, su suka ɗaga kiɗan nan har manyan marubuta suka riƙa rubuta musu, wani ɗan Italiya Castelnuovo-Tedesco ya rubuta musu kiɗa guda 24 a jere a 1962, matar ta rasu a 1967. Bayansu sai 'yan uwan nan biyu na Brazil, Sérgio da Odair Assad, wa da ƙani, wan shi yake rubuta da yawa daga abin da suke kaɗawa. In na kalle su kai nake tunawa, da ace baka tsaya kanti a Kwari ba, amma bari dai.

Nawa na gina shi ne akan waƙa da amshi irin namu, jita ɗaya ta ja ɗayar ta amsa, can tsakiya su yi musanya. Na sassauta tsirkiya ta shida daga sautin Mi zuwa na ƙasa da shi, Re, dan muryarta ta yi kauri, abokin nawa yana dukan tsirkiyoyin da gefen babban yatsa kusa da gindinsu sai ta bada amo kamar ganga, ni kuma ina danne nawa da gefen tafin hannu sautin ya fito a shaƙe irin na gurmi. Inda muka sha wuya gurin da ni nake tafiya uku shi yana tafiya biyu a lokaci guda, mu a gida ko yara a dandali suna tafa wannan ba tare da sun ƙirga ba, amma da na zo sa shi a takarda sai da kaina yayi zafi, shima da farko ƙirgawa yake har na ce ya ajiye takardar ya taka da ƙafa. Kuma jita sautinta baya jira, kana taɓawa ya fito ya fara mutuwa, in ɗaya ya riga ɗaya ko da ƙiftawar ido kowa a ɗakin zai ji, dan haka numfashi muke ja tare kafin mu shiga. Da muka gama wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana tambayar daga ina kiɗan nan, nace Kano, sai da na maimaita mata. Na yi masa rajista a SGAE, ƙungiyar da take karɓar wa marubuta haƙƙinsu anan Sifaniya, duk wanda ya kaɗa shi a taro akwai ɗan abin da zai shigo. Ba yawa, kar ka faɗa wa Kawu ma ya ɗauka na zama Alhaji.

Aikin zaitun ya ƙare tun Fabrairu, yanzu wanke-wanke nake a wani gidan abinci da dare, ba laifi, safar hannu nake sawa saboda ruwan zafi yana karya farce. Ɗakin mu uku ne amma muna zaman lafiya. Ka gaya wa Malam garin da nake shine Ƙurɗuba, garin Alƙurɗubi mai tafsirin nan da yake karanta mana, babban masallacinsu na da yana nan tsaye amma coci ne yanzu. Anan shahararren makaɗin nan Ziryab ya sauka a shekarar 822 da kiɗansa daga Bagadaza, har yanzu suna alfahari da shi. A watan Yuli suna babban bikin jita, zafi yana wuce 40, ba a cikin bikin muke ba tukuna amma mun samu ƙaramin ɗaki a satin, in Allah yasa mutane sun zo zan ƙaro wani abu kafin ƙarshen watan.

Nasan Baba da yana raye ba zai so ba, nasani Yaya, ba sai Gwaggo ta tuna min ba. Wani lokacin ina tsakiyar kiɗan sai abin ya faɗo min. Amma ban roƙi kowa ba ban ci haram ba, kuma Umma bata kira ni ba tun ranar, na kira sau nawa Auta ce take ɗauka tace tana bacci. Kai take jin maganarka, ka zauna da ita bayan isha'i lokacin da Gwaggo bata nan.

Kuɗin rufin dai kwano da kafinta, ka ɗauko min hoto in an gama, na Auta kuma ka biya da kanka ka karɓi rasit.

Abu ɗaya kuma, tsohon nan mai garaya da yake zama wajen Ƙofar Wambai in yana nan har yanzu kaje ka bashi wani abu ka ɗauko min kiɗansa a waya ko na minti 10 ne, ka tambaye shi izini tukuna, ina so in ji yadda yake juya hannu dan kashi na biyu da nake rubutawa. In yaron gidan Hajiya zai taho a bashi yaji da kuka da daddawa, kar a sa kilishi ƙwacewa suke a filin jirgi. A gaida Auta da yara da matarka.

Ƙaninka